Mura Ce Kawai

Ni malamar Hausa ce, kuma duk wanda ya zauna da ni na awa ɗaya sai ya sani, ko bai tambaya ba. Shekaru na yi ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Zariya, da jan biro a jaka da wani a bayan kunne. Yarinya ta kuskura ta ce mini "sori Malama", sai na tura ta waje ta nemo kalmar gidan ubanta ta dawo. Har a gidan biki ina gyara wa mutane magana, abin da ya sa ba kowa ke son zama kusa da ni ba. To ni ɗin nan, da duk wannan iyayi, kalma mai harafi huɗu ce ta yi mini kayen da har yau ban gama tashi ba. Kalmar ita ce mura.

A gidanmu na Kusfa, inda aka haife ni, mura ba ta cikin jerin cututtuka. Idan aka gaida mutum ya ce lafiya lau, sai ɗan mura, to lafiya lau ɗin ake ji. Ba a zuwa dubiyar mai mura. Ba a ɗauke masa wanke-wanke. A dafa masa citta da kanumfari da masoro, a zabga masa yaji a miya, a mulke masa ƙirji da man zafi, in ya yi gardama a lulluɓe shi da bargo a kan tukunyar surace har ya tuba. Mai yoyon hanci yana yawonsa, mura ce. Wanda ya kwanta ƙasusuwansa na sara yana karkarwa, shi ma mura ce, sai dai a ƙara da cewa raki ya yi masa yawa.

Cikina na farko ina gidan mijina a Kwarbai. Yana wata bakwai, tsakiyar damina, lokacin jarrabawa, sai mura ta kama ni. Da zazzaɓi ta zo, da ciwon gaɓoɓi, da tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ga shi kuma tun ina yarinya ina da asma. Maigidana ya ce mu je asibiti. Na ce a kan mura? A yi mini dariya? Na ɗaure kai da ɗankwali na ci gaba da makin takardun yara. Rana ta huɗu numfashi ya gagare ni, aka kwashe ni zuwa asibiti, washegari naƙuda ta zo ba lokacinta ba. Na haifi namiji, bakwaini, aka sa shi a kwalba. Kwana biyu ya yi a duniya. Mata suka yi ta shigowa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, ina cewa amin. Ko sau ɗaya ban haɗa murar da rashin ba. A raina abu biyu ne suka same ni a mako ɗaya, ƙarami da babba.

Sai da na shekara biyu kafin na sake samun ciki. Ba zan ɓoye ba, tsoro ya fi murna yawa. Wannan karon na ƙudura ba abin da zai taɓa shi. Na daina hawa babur, na daina ɗaukar bokiti, ko atishawa zan yi sai na dafe mara.

Ranar awon wata na biyar na shiga ofishin likita, sai ta miƙe tsaye ta rusuna. "Ina kwana, Malama." Na duba da kyau, ashe ɗalibata ce ta shekarar da na fara koyarwa, wata 'yar Tudun Jukun mai shiru-shiru, wadda ta sha tsayuwa a bakin aji saboda surka Hausa da Turanci. Ga ta yau da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya. Na ji daɗi, na kuma gyara zama kamar ni ce mai ofishin.

Ta karanta fayil ɗina a tsanake, ta yi tambayoyi kan wancan cikin, musamman kwanakin da suka gabaci naƙudar. Sannan ta ce, "Malama, ina so a yi miki rigakafin fulu. Ba ya cikin alluran da ake yi wa kowa a awo, sai an nemo, amma ke da asma, ga kuma abin da ya faru..."

"Rigakafin me?"

"Fulu, Malama."

"Har yanzu ba ki daina ba? Faɗa mini da Hausa."

Baiwar Allah ta kalli silin kamar yadda take yi a aji. Can ta ce, "Mura ce, Malama."

Na yi dariya har cikin ya motsa. Ta ce ba irin murar da na sani ba ce, mura ce mai tsanani. Na ce kowace mura mai tsanani ce a wurin rago. Ta daure ta yi bayani: mai ciki huhunta a matse yake, garkuwar jikinta kuma ta sassauta, don haka abin da zai kwantar da wani kwana uku, ita yana iya sauka mata a ƙirji, zazzaɓin kuma ya tayar da naƙuda. Allurar ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ana yin ta a kowane wata na ciki. Abin da jikina zai haɗa na kariya zai bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan, ya riƙe shi bayan haihuwa, domin shi ba za a iya yi masa tasa ba sai ya yi wata shida. Ta ƙara da cewa, "Kuma in akwai tsofaffi a famili ɗin..."

"Dangi," na ce. "Ko iyali. Famili ba Hausa ba ce."

Ta ce, "Yi haƙuri, Malama." Ta rubuta sunan allurar a takarda ta miƙo mini da hannu biyu. Na ninke na cusa cikin rajistar aji.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne mai sanyin hali, duk abin da aka rubuta a takarda yana girmama shi. Ya ce in likita ta ce a yi, a yi. Amma shi ma sai da ya murmusa, ya ce saura allurar hamma. Ni kuwa a ƙarƙashin dariyar tsoro ne fal. Na riga na rasa ɗaya. Kowace ƙwayar magani sai na juya ta sau uku kafin in haɗiye, balle wata baƙuwar allura da ko maƙwabtana ba su taɓa ji ba.

Ranar Juma'a na tafi Kusfa yini, da labarin a bakina don in ba mutane dariya. Na tarar da Umma, mahaifiyata, tana tsinke zogale a tsakar gida da matan maƙwabta biyu. Iya, kakata ta wajen uba, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana goga goro a magogi, don haƙoran sun daɗe da yin ritaya. Ba wanda ya san shekarunta, ita ma ta ce ba ta ajiye lissafi ba. Tsakanina da ita ba a raga wa juna. Ina ce mata tsohuwa, tana ce mini Malama da wata irin murya da ke mayar da kalmar zagi.

Na kwashe labari na faɗa, har da kwaikwayon muryar likita. Mata suka yi shewa. Ɗaya ta ce wato citta ta zama marar aiki. Umma ba ta yi dariya sosai ba, ta ce, "Ke dai ki rufa mana asiri. Cikin da muke lallaɓawa za a je ana tsira masa allurar gayu? Na awo sun isa."

Iya ba ta ɗago ba. Sai da ta tattara garin goron ta zuba a baki, sannan ta ce, "Malama, wace murar yarinyar ta ce?"

"Mura dai, tsohuwa. Guda nawa ce?"

"Ta hanci, ko mai kayar da mutum rana ɗaya? Wadda za ki ga ƙato ya fita da safe da ƙafarsa, kafin la'asar an shigo da shi a rirriƙe, jiki kamar garwashi, ƙashi na ciwo? Mai bin gida ɗaki-ɗaki?"

Na ce kusan haka ta kwatanta.

"To ba mura ba ce. Marisuwa ce."

Ban taɓa jin kalmar ba, amma ban yarda na nuna ba. Na ce wannan kuma yaren wace unguwa ne. Ta ce yaren uwarta. Ta ce ita ba a haife ta ba lokacin, amma ta tashi ta ji tsofaffin birnin nan suna ƙirga shekarun mutane da shekarar marisuwa, wane an haife shi kafin ta, wance bayan ta. Uwarta tana amarya da cikin fari aka yi ta. Ta ce a lungunsu masu ciki ta fi bi, wadda ta tashi ma da wuya cikin ya tashi tare da ita. Uwar Iya ta tashi, cikin bai tashi ba. Har ta tsufa, in ta ji mai ciki na tari a gida, sai ta ajiye abin da take yi.

Sai Iya ta juyo ta dube ni da idanunta masu yana, ta ce, "Ke wancan karon mene ne ya kwantar da ke?"

Umma ta ce, "Haba Iya, don Allah."

"Tambaya na yi. Ba malama ba ce? Ta ba ni amsa."

Wallahi ji na yi kamar ta watsa mini ruwan zafi. Raina ya ɓaci, irin ɓacin da mutum ke yi idan an faɗa masa abin da ya shekara biyu yana kauce wa. Na ce ni ban zo don a tone mini ciwo ba. Na ja mayafi na fice, ko tuwon da aka ɗora saboda ni ban tsaya ci ba. Ina cikin zaure na ji ta tana cewa a bar ni, fushin ma nata na ɗauko.

Ranar Litinin na shiga laburaren makaranta don in kama tsohuwa da ƙirƙirar kalma. Akwai wani tsohon ƙamus mai kauri da ba mai taɓa shi sai gara. Na buɗe, na bi da yatsa, sai ga ta zaune daram, marisuwa, ga kuma fassararta da Turanci a gefe, cikakken sunan abin nan da likita ta gutsure ta ce fulu. Na daɗe a tsaye. Kalmar tana cikin gidanmu tun kafin a haifi ubana, a bakin matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa, ni kuma na tsare yarinyar mutane na matsa mata har ta ba ni wadda ba ita ba.

Na koma wurin likita, ba don in ba ta haƙuri ba, ina! Sai don in koya mata kalma. Ta rubuta a bayan hannunta, ta ce ta gode. Ta ce waccan babbar annoba ce ta tarihi, ta yanzu ba ita ba ce sak, danginta ce mai dawowa duk shekara da sabuwar kama, shi ya sa allurar ma ake sabunta ta. Ta kuma ce kada in ɗauka katanga ce, ana iya yi kuma a kamu, sai dai yawanci abin ya zo da sauƙi. Da na kai wa Iya wannan bayani ta ce, "Wato jikarta ce. To ki dubi kanki ki dube ni, sai ki san abin da jika ke iyawa."

Maigidana ya yi kwanaki yana cigiya kafin a samu allurar a wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna. Muka je aka yi, abin ko minti ɗaya bai kai ba. Iya ta ce sai ta gani da idonta, ta sa na naɗe hannun riga ta lalubi wurin da yatsa. Dantsen ya yi kwana biyu yana tsami, jikina ya ɗan yi ɗumi, Umma ta yi ta zirga-zirga tana cewa ai ga irinta nan. Rana ta uku na warke sarai.

Bayan mako uku kuma, don Allah ya nuna mini iyakata, sai ga mura. Ta hanci, 'yar gidan, mai atishawa da majina. Kai, na sha tsiya! Labari ya zaga Kusfa da Kwarbai cewa Malama ta je har Kaduna an yi mata allurar mura, ga ta can tana fyace hanci. Wata ƙawar Umma ta aiko mini da ƙullin citta, wai ko na asibitin ya ƙare. Na yi ta bayani cewa wannan daban, waccan daban, ana ce mini to, to, ana kallon hancina. Iya kaɗai ta ce in sha yaji in yi shiru, wannan ba ita muke gudu ba.

Cikin ya cika watanninsa. Na haifi mace, mai ƙiba, mai ƙarar murya, aka wuce da ni Kusfa wankan jego. Ranar suna na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk sunayen da na halarta. Jaririya 'yar kwana bakwai tana yawo daga hannu zuwa hannu, mata sun fi a ƙirga, wannan ta yi tari ta karɓa, waccan ta share hanci da bakin mayafi ta ce a miƙo mata amarya. Ba dama ka hana, sai a ce kana wulaƙanta mutane. Ina zaune cikin leshi ina murmushin dole.

Wankan jaririyar kuwa, Iya ce ta ƙwace shi. Kullum da hantsi za ta miƙe ƙafafu a bakin rijiya, a ɗora mata ita, ta wanke, ta gasa cibiya, ta mimmiƙe mata hannuwa tana yi mata tsiya, wai ta zo da hancin uwarta mai shiga abin da ba ruwansa. Ba mai karɓar wannan aiki a hannunta.

Muna saura kwana kaɗan mu yi arba'in, ruwa na ta zuba, sai ga marisuwa ta shigo gidan. Mahaifina ya fita sallar Azahar da ƙafarsa, kafin Magariba yana kwance yana rawar ɗari. Washegari Umma. Sai matar da ke taya mu aiki, sai maƙwabta. Ɗaki-ɗaki, yadda aka faɗa mini. Ni ma ta taɓa ni, zazzaɓi na yini biyu da ciwon kai, amma ƙirjina bai rufe ba, ban ma daina shayarwa ba. Hankalina duk yana kan yarinyar. Na zauna da agogon waya ina ƙirga numfashinta, in ta yi atishawa sai in sake ƙirgawa daga farko. Na taɓa ganin ƙirjin jariri yana fama a cikin kwalba, ban shirya sake gani ba.

Ranar da na ji jikinta da ɗumi, ko mayafin kirki ban tsaya nema ba muka tafi asibiti. Likitar, ɗalibata, ta auna ta, ta daɗe tana sauraron ƙirjin, ta riƙe mu har yamma tana dubawa. Sannan ta ce huhu fes, ɗumin ya sauka, mu je gida, in na ga canji in dawo a guje. Ban gyara mata ko kalma ɗaya ba, ko da yake ta yi Turanci ya fi sau goma. Ba zan iya rantsewa allurar ce ba, ita ma likitar ba ta rantse ba. Abin da na sani, gida ya kwanta, yarinya 'yar wata ɗaya da 'yan kwanaki ta ci gaba da tsotso tana ƙara nauyi.

Da muka dawo na tarar da labulen ɗakin Iya a sake, abin da ba ta yi da rana. Na nufi ƙofar da yarinya a kafaɗa don in ba ta labari, sai muryarta ta tare ni daga ciki, a dishe.

"Tsaya nan. Kada ki shigo mini da ita."

"Iya, lafiya?"

Ta yi tari mai tsawo. Sannan ta ce, da muryar nan tata ta tsokana, "Mura ce kawai, Malama."

Daga ranar ba ta sake taɓa yarinyar ba. Da hantsi, lokacin wanka, sai ta sa a ɗage mata gefen labule, in tsaya can bakin rijiya in ɗaga jaririyar sama ta hango ta. Tana kwance tana ba da umarni, wai ban wanke bayan kunne ba, wai haka ake riƙe ɗan mutum? Rana ta uku numfashinta ya fara sarƙewa, muka kai ta asibiti tana faɗa. A can, ina tsaye a baranda, maganar nan ta dawo mini, wadda na datse a bakin likita tun watanni: kuma in akwai tsofaffi. Mun je har Kaduna, ga wuri a mota, ba wanda ya ce a ɗauki Iya. Ita da ta tura ni, ba ta san ana yi wa irinta ba. Ni ce aka fara faɗa wa, na tsaya gyaran Hausa.

Kwana uku ta yi a can, Allah ya yi mata rasuwa. Na san kwananta ne ya ƙare, ban ja da wannan ba, kuma ba mai ba ni tabbacin allura za ta riƙe tsohuwa mai waɗannan shekaru. Amma na ji ciwo, har yanzu ina ji.

Bayan an fita da ita da safe, mata suka cika tsakar gida. Ina zaune a tabarma, yarinyar na barci a cinyata. Wata baƙuwa daga Tudun Jukun ta gama gaisuwa ta tambayi Umma, "Ta daɗe tana jinya ne? Me ya same ta?"

Umma ta share ido ta ce, "Wallahi mura ce kawai, sai ƙarar kwana."

Na so in yi shiru, amma hali ya ƙi. Na ce, "Ba mura ba ce. Marisuwa ce."

Matar ta dube ni ta ce, "Mece ce kuma haka?"

Sai na waiwaya wajen ƙofar Iya don ta yi mata bayani. An ɗage labulen gaba ɗaya, an naɗe katifar, magogin goronta yana nan a bakin ƙofa inda ta bar shi. Yarinyar ta motsa ta fara neman nono, na juya mata baya ga mutane na ba ta.